Titi zai kewaye garinmu: mu hana ko mu shirya?

Tambaya daga sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari a Jigawa: "Garinmu yana kan babbar hanyar gwamnatin tarayya, kwaltar ta tsakiyar kasuwa ta ratsa. Wata biyu da suka wuce safiyoyi sun zo sun kafa turaku a gonakin arewacin gari. An ce za a mayar da hanyar tagwaye, amma za a yi mana baifas, a kewaye ta bayan gari kamar kilomita 2 daga kasuwa. Yanzu gari ya rabu: masu sana'a a bakin titi sun ce a rubuta wa gwamna a hana, masu gonaki kuma wasunsu har sun fara lissafin diyya. Me ya kamata mu yi?"

Malam Sakatare, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan hidimar jama'a. Na daɗe ina aikin tsara garuruwa da filaye tsakanin Kano da Jigawa kafin in ajiye aiki, kuma irin wannan rigima taku na zauna a tabarmarta ba sau ɗaya ba. Don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Takardar nan ta "a hana" da kuke shirin kai wa gwamna, ku ajiye ta. Kukan masu sana'a yana da tushe ƙwarai, sai dai abin da suke roƙo ya fi abin da suke gudu muni.

Ɗauki igiyar awo ka tsaya a tsakiyar kwaltar da ke cikin kasuwarku. Ƙa'idar manyan hanyoyin tarayya ita ce mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, wato ƙafa 150, hurumin titi ne. Dama da hagu ya haura mita 91. Ja igiyar ka ga abin da ya faɗa ciki: layin 'yan tireda, rumfunan mahauta, ƙila har da katangar masallacin Juma'a. Ko da an yi muku rangwame ba a ci hurumin duka ba, inda hanya ɗaya take a matse tagwaye ba za su shiga ba sai an yi rusau, kuma shagunan da za a fara shafa wa jan fenti su ne na masu cewa a hana. Bayan rusau a gindaya siminti a tsakiya, mutum yana kudu mahaifiyarsa tana arewa, sai ya yi dogon zagaye kafin ya gaishe ta. Injiniyoyi ba don ƙinku suka kauce ba. Diyyar gona ta fi diyyar gidaje sauƙi, babbar hanya kuma ba ta son tsaye-tsaye.

Akwai kuma abin da ba ma son tunawa. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Garin da tankoki ke ratsa tsakiyarsa dare da rana, in aka ce za a fitar masa da su bayan gari, bai kamata ya sa hannu a takardar a dawo da su ba.

Amma kada ka koma ka ce wa mai shayi ya kwantar da hankalinsa babu abin da zai same shi, don za ka yi masa ƙarya. Dubi tarihin ƙasar nan tamu. Da Turawa suka ja layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya isa can a 1930, bai shiga Haɗeja ba, ta Malam Madori ya bi. Sai masu sayen gyaɗa da 'yan kasuwa suka tare a inda jirgi ke tsayawa, Malam Madori ta zama gari. Haɗeja ba ta mutu ba, tana da sarauta da kogi da jama'a, amma cinikin wancan zamani a tasha aka yi shi. Ka kuma lura da sunayen da muke ambata kullum ba mu taɓa tsayawa mun yi tunaninsu ba: Kwanar Dangora, Kwanar Huguma, Kwanar Dumawa, Kwanar Gafan. Kowaccensu sunan wani gari ta ara da ke can ciki. Yau matafiyi ya san kwanar, ya sha fura a cikinta, ya yi salla, garin da ya ba ta suna kuwa ko hanyarsa bai taɓa leƙawa ba. Ciniki inda mota ke taka birki yake sauka. Baifas ɗinku zai rabu da tsohon titi a wuri ɗaya, ya sake haɗuwa da shi a wani, kuma a ɗaya daga cikin waɗannan mahaɗai biyu sabuwar kwana za ta tsiro, kun so ko ba ku so ba. Aikin da ke gaban ƙungiyarku shi ne ta zama taku, 'ya'yanku su ci abinci a cikinta, kada ku wayi gari baƙi sun saye ta ku koma 'yan kallo.

Kafin komai, ku san su wa abin zai taɓa, da suna. A taro kowa zai ce shi ne zai fi cutuwa, wanda ya fi ɗaga murya kuma sau da yawa ba shi ne ba. Ku samu matasa biyar ko shida da suka gama sakandare, ku ba su littafi da biro, su bi bakin titi ranar kasuwa ɗaya da ranaku biyu da ba na kasuwa ba. Kowane mai sana'a a yi masa tambaya guda: cikin mutum goma da suka saya a wajenka yau, nawa ne matafiya? Za ku ga mutane sun kasu. Mai awon hatsi, dillalin awaki, tela, mai kemis, mai injin markaɗe, cinikinsu na 'yan gari ne da ƙauyukan kewaye. Kasuwar mako ba a faɗa mata bisa tsautsayi, niyyarta ake yi. Mai zuwa karar Wudil ran Juma'a, ko Maigatari ran Alhamis, ko Dambatta ran Lahadi, kilomita 2 ba za su mayar da shi gida ba. Waɗannan ƙila ma su ji daɗi, don tirela ta daina toshe musu ƙofar kasuwa. Waɗanda wuƙar za ta hau kansu su ne mai shayi da mai tsire na dare, mai faci, bakanike, masu abincin direbobi, 'yan bumburutu, matan Fulani masu fura da nono, da yaran da ke bin tagar mota da rake da dafaffiyar gyaɗa. A bayan kowane faranti kuma akwai wata uwa a cikin gida da ta soya awarar, wadda ba za ta zo taro ba. A rubuta sunanta ita ma. Wannan littafi ku adana shi kamar takardar gado, za ku ga amfaninsa nan gaba.

Daga nan ku je ku ga zanen aikin da idonku. Turakun da ke gona layi kawai suke nunawa, ba sa gaya maka inda aka sa kwalbati ko inda aka bar mashiga. Kowace jiha tana da ofishin Kwanturolan Ayyuka na Tarayya, naku yana Dutse, kuma kowane aikin titi yana da injiniyan gwamnati da ke kula da ɗan kwangila. Wajensu za ku. Ɗan kwangila abin da aka zana masa yake ginawa, ko kun yanka masa rago ba shi da ikon ƙara kwalbati ɗaya sai an rubuto masa. Zuwa da kai ya fi aike, amma ku tafi da wasiƙa kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da ita. Alkawarin baki a aikin gwamnati yana tashi ne ranar da aka yi wa mai shi canjin wurin aiki. Ku kuma tambayi rahoton nazarin tasirin aikin ga muhalli da jama'a. Dokar 1992 ta wajabta shi a manyan ayyuka irin wannan, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kan baje shi kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su rubuta ƙorafi, yawanci har a sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa. Na sha ganin irin wannan rahoto ya gama kwanakinsa a kan tebur ƙura ta rufe shi, ba wanda ya buɗe, daga baya a zo ana ihu bayan hari.

Layin titi da wuya ya motsa, sai dai in ya hau maƙabarta ko wani abu mai nauyi irin wannan. Amma wurin mashiga, girman kwalbati, inda za a buɗe tsakiya mota ta juya, da ɗan titin gefe na masu tsayawa, duk ana iya gyara su muddin ba a gama cikon ƙasa ba. Da zarar an zuba kwalta, magana ta koma sai wani kasafin kuɗin. Ka tuna aikin mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye tun 2006 aka ba da kwangilarsa, ka ga shekarun da ya ci. Abin da bai shiga yanzu ba, jikokinku ne za su yi ta rubuta wasiƙa a kansa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowacce, filin mahaɗa. Ina tabbatar maka, tun ranar da aka kafa turken farko akwai waɗanda suka fara zagaye da mota mai baƙin gilashi suna tambayar gonar waye wannan. Za su taya da kuɗin da mai gona bai taɓa riƙewa ba, shi kuwa ya ga banza ta faɗi. Shekara uku a tsakani, fuloti ɗaya daga cikin gonar ya fi abin da aka ba shi gaba ɗaya. Sai dillalai su shigo da awon igiya, a yanka ƙananan filaye ba hanya ba magudanar ruwa, gidan mai nan, gareji can, kowa ya manna gininsa a jikin kwalta. Ranar da za ku ce a ba mu wurin tasha, babu ko inda akuya za ta kwanta.

Don haka tun yau mai girma hakimi da dagaci su tara masu gonakin da ke kewaye da mahaɗan biyu, a roƙe su kada kowa ya sayar ko ya karɓi kafin alƙalami sai an gama shawara. Masu unguwanni kuma su dakata da sa hannu a takardun ciniki na wannan yanki. Roƙo ne, ba doka ba, saboda haka dole a nuna wa mai gona ribarsa. Hanyar da na ga ta fi adalci ita ce a haɗa gonakin wuri guda a yi musu zane ɗaya. A fitar da hanyoyi da magudanai, a ware wurin tasha da rumfuna da masallaci da banɗaki da rijiyar burtsatse, sauran a yanka fulotai a mayar wa masu gonakin gwargwadon girman gonar kowa. Mutum zai karɓi ƙasa da abin da ya bayar in an auna da igiya, amma fulotin da ke fuskantar tasha, mai hanya da takarda, ya ninka gonar gero daraja. Doka ma ta ba da ƙofa. Sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a ƙasar da ba birni ba, da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, bisa sharaɗin ta biya abin da aka raya a kai, in gona ce kuma ta ba mai ita wata a madadi. Idan garinku yana cikin wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni, kamar yadda akan yi wa hedikwatar ƙananan hukumomi, to maganar ta koma ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane ta jiha. Ku tambaya ku sani tun da wuri, kada ku yi wata shida kuna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Mahaɗa ɗaya za ku zaɓa ku zuba ƙarfinku, kada ku raba. Ku duba wadda ta fi kusa da gari, take kan tudu, kuma titin ya miƙe a wajen direba yana hango ta daga nesa. Ku yi ginin a ɓangaren da gari yake, don kada yaranku su riƙa tsallaka titi da faranti a ka, sannan ku nemi a buɗe wurin juyawa kusa da nan saboda motocin ɗaya hannun. Komai ya kasance bayan mita 45.72 ɗin nan, in ba haka ba wata rana katafila za ta zo, kuma ba sisin diyya. Direban doguwar tafiya buƙatunsa ba su da yawa: wurin da zai ajiye mota ya yi barci ba a sace masa batir ba, ruwan alwala da wanka, abinci mai zafi, mai faci da bakanike a kusa. Garin da ya tanadi waɗannan, direbobi da kansu za su yi masa talla. A Japan tun 1993 hukuma ta mayar da irin wannan tsari, tashoshin hutawa a bakin hanya inda mutanen yankin ke sayar da amfanin gonarsu, yau sun haura 1,000. Mu ba sai mun je Japan ba, Kwanar Gafan ta ishe mu misali a kan abin da tumatir da bakin titi za su iya yi. Abu ɗaya dai, wurin tankokin mai ya yi nisa da tukubar mai tsire da murhun mai shayi, ya yi nisa da gidaje. Wannan ba abin sasantawa ba ne.

In an zo rabon rumfuna, a nan littafin matasan nan zai yi aiki. Wanda sunansa ke ciki shi ne farko, kafin ɗan kansila, kafin ƙanen ciyaman, kafin ni da kai.

Sai tsallaka titi. Ka ce turakun suna arewa, ke nan gonakinku da yawa za su koma hayi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Hannu ɗaya na titin faɗinsa ya kai mita 7 da 'yan kai, dattijo mai ɗauke da dami zai yi daƙiƙa 7 ko fiye kafin ya haye. A wannan ɗan lokaci motar ta ci kusan mita 200. Wato motar da ya hango can nesa kamar ƙwaro, kafin ya kai tsakiya ta iso. Balle amalanken shanu da lodin taki, ko garken da yaro ɗan shekara goma ke korawa. Ku zauna da sarkin noma da ardo ku lissafa kowace hanyar gona, kowane burtali, hanyar mashaya, hanyar maƙabarta da ta makaranta da layin ya yanke. Ba za a ba ku duka ba, ku fitar da biyu ko uku da ba makawa. Abin da za ku nema shi ne babban kwalbati mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin titi, mai tsayi da faɗin da amalanke da lodin kara zai wuce ba a sauke ba. In an ce za a yi muku gadar sama ta masu tafiya a ƙafa, ku karɓa in kusa da makaranta ce, amma ku sani saniya ba ta hawa bene, tsohuwa mai ciwon gwiwa ma haka. Kuma don Allah a sa ardo a cikin maganar tun farko. Burtalin da titi ya toshe, shanun ba sa komawa gida, gonar wani suke bi, rigimar kuma a zauren dagaci za ta kwana.

Ruwa ma haka. Titin zamani ana ɗaga shi sama da ƙasa, ya zama kamar madatsa mai tsawon kilomitoci. In gari yana ɓangaren da ruwa ke gangarowa, kwalbatocin kuma suka yi kaɗan, gidajenku ne za su zama tafki. In sun yi yawa a wuri ɗaya, gonar da ke bakinsu ta zama kwazazzabo. Safiyo da rani ya zo, ya ga ƙasa a bushe. Ku kuwa kun ga ambaliyar 2022 da idonku. Ku ɗauki dattawa biyu da suka san inda ruwa ke bi tun suna yara, ku taka layin da su tare da injiniya, a nuna masa alamar da ruwa ya bari a jikin bishiya da katanga. Injiniyan kirki yana son irin wannan bayani, don shi ma ba ya son titinsa ya karye. Ku kuma sa ido a kan inda za a haƙi marmara. Ramin da aka bari a bayan gari ya cika da ruwa, kududdufi ne mai zurfin da yara ba su saba da shi ba. Kada mai gona ya yarda da baki kawai. A rubuta zurfin da za a haƙa, da cewa za a kwantar da gefensa ko a cike kafin a tashi. In an tsara shi da kyau, nesa da gidaje, yana iya zama mashayar dabbobi da wurin noman rani.

Masu murnar diyya kuma, a gaya musu gaskiya tun yanzu don kada hawan jini ya kama su daga baya. A ƙarƙashin dokar 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓar ta don amfanin jama'a, har da wanda gwamnatin tarayya ta nema, bayan an ba mai ita sanarwa. Sashe na 29 kuma abin da ya ce a biya shi ne abin da aka raya a kan ƙasar: gini, rijiya, shuka, itatuwa masu amfani. Ba farashin da dillali zai taya gonar ba ne. A aikace gwamnatoci kan sa wani abu a kan gonar kanta, amma kada wanda ya ci bashi da sunan kuɗin da bai gani ba. Wanda bai gamsu da kimar da aka yi masa ba yana da damar kai kuka ga kwamitin rabon ƙasa na jiha, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 kuma ya tanadi biyan diyya ba da jinkiri ba da damar zuwa kotu. Ku tambaya ko akwai kuɗin Bankin Duniya a aikin, don ƙa'idarsu ta fi tamu sauƙi ga talaka: suna neman a biya abin da zai isa a maye gurbin abin da aka rasa, har wanda ba shi da takarda a duba shi.

Inda ake cutar mutane shi ne ranar ƙidaya. Na taɓa bin masu ƙidaya wani gari, muka isa ran kasuwa, rabin masu gonaki ba sa nan. Wata gona mai ɗorawa huɗu da tsamiya, muka tarar da wani mutum yana kaftu a ciki, aka tambayi sunansa ya faɗa, aka rubuta, aka ɗauke shi hoto riƙe da allo mai lamba. Ashe jingina ce a hannunsa. Gonar ta wasu marayu ce, uwarsu ta jinginar da ita shekarar da mijinta ya rasu. Ranar biya ta zo da mayafinta ta zauna a gindin bishiya tun safe har la'asar tana jiran a kira sunan mijinta, ba a kira ba. Gyara wannan kuskure ya ci fiye da shekara, kuma ni ina cikin waɗanda suka yi shi, shi ya sa ban manta ba. Saboda haka ku riga masu ƙidaya. Kowace gona da layin ya taɓa a rubuta mai ita na asali, da wanda ke nomawa in aro ne ko haya ko jingina, da magada duka in ba a raba gado ba, mata da maza. A ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ɗorawa, kuka, tsamiya, mangwaro, kanya, giginya, a ɗauki hoto da waya mai gonar yana tsaye a ciki. Ku nemi a sanar da ranar ƙidaya a masallacin Juma'a mako guda kafin ta zo. Wanda titi ya raba gonarsa ya bar masa ɗan siririn yanki da garma ba za ta juya a ciki ba, ya nemi a haɗa da shi a lissafi. A kuma roƙi kada katafila ta shiga sai an girbe.

Za ku ga masu jaka sun zo suna cewa su ƙwararrun kimanta kadara ne, a sa musu hannu su karɓo muku haƙƙinku. Na gaskiya a cikinsu suna da amfani sosai. Ku nemi shaidar rajistarsu, a rubuta kason da za su ɗauka, kuma kuɗin kowa ya faɗa asusunsa na banki, ba na wakili ba. Masu tunanin dasa 'ya'yan mangwaro cikin dare ko aza bulo a kan layi, su huta. Masu ƙidaya sun san wannan wasa, kuma yana zubar da mutuncin ƙorafin gari gaba ɗaya. Wanda kuɗinsa ya fito, shawarata ya mayar da shi gona tun farashi bai tashi ba. Na san dai wasu babur za su saya, wasu kuma a ji an kai lefe, wannan ba hurumin mai tsara gari ba ne.

Tsohon titi kada a manta da shi. Da zarar manyan motoci sun koma baifas, yakan zama maraya, tarayya ta ɗauke ido, jiha ta ce ba nata ba ne. Ku nemi a sa gyaransa da magudanansa cikin aikin kafin ɗan kwangila ya kwashe kayansa, a kafa allon sunan gari da na ranar kasuwa a mahaɗan biyu, ku kuma samu a rubuce wa zai riƙa kula da shi. Ku zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi a yi yarjejeniya ƙananan motocin haya su ci gaba da shiga tashar cikin gari, 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu su riƙa jigila tsakanin kasuwa da sabuwar kwana. Wannan kansa sana'a ce ga matasa. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne matasa su fita cikin dare su gina tudun rage gudu a kan sabon titi don a tilasta wa motoci tsayawa. Direban da bai san da shi ba, rai za a rasa.

Kwamitin da zai riƙe duk wannan kada ya wuce mutum tara ko goma sha ɗaya, in ya yi yawa shan shayi zai koma. A sa wakilin hakimi, liman, sarkin kasuwa, sarkin noma, ardo, shugaban tasha, matashi ɗaya mai iya rubutu da waya, da mace aƙalla ɗaya daga masu sana'ar abinci, wadda za ta iya magana a gaban maza. Kowace jam'iyya ta ga nata a ciki, don aikin zai fi wa'adin ciyaman ɗaya tsawo. Ɗan majalisarku na tarayya ku kai masa buƙatu uku a rubuce, mashiga da kwalbati da gyaran tsohon titi, kada ku kai masa ashirin ya zaɓi mai sauƙi. A zaman farko kuma, kafin a buɗe da komai bayan addu'a, kowane ɗan kwamiti ya faɗa a gaban jama'a ko yana da gona a mahaɗa, ko ya saya kwanan nan, ko wani ya aiko shi ya taya masa. Kai ma, Malam Sakatare, da kai za a fara.